Abin da Tarun Ya Kamo

Ƙarfe biyun dare a Tarna.
Fanka ta gaji, tana juyi kamar mai bin bashi.
Daga ni sai allon kwamfuta,
sai wani ƙwaro da ke dukan gilashi, shi ma yana son ilimi.

Ganyen hatsi ɗari uku da sha biyu muka tsinko,
zango da zamfarwa.
Waɗansu mun shayar da su har suka ƙoshi,
waɗansu mun hana su ruwa kwana tara, da gangan,
Allah ya yafe mana.
Muka niƙe su cikin sanyin da ke ƙona yatsa,
muka aika da su nesa a kwali,
suka dawo mana lambobi.

Kowane ganye gari ne mai dubban gidaje.
Nan an kunna fitila, can an hure.
Ƙwayar gado ba ta ƙaura daga gidanta,
ko dai ta yi magana, ko ta kama bakinta.
Ja a allo: wannan ihu take.
Kore: wannan ta yi lamo.
Wace ce ke farkawa in ƙasa ta tsage?
Ido biyu gare ni, ba su isa zagaya garin ba.

Sai na saƙa taru a cikin na'ura.
Ba irin na masuntan Madarunfa ba,
amma shi ma ƙulli ne bisa ƙulli, hawa bisa hawa,
zare yana raɗa wa zare abin da ya ji.
In ya yi kuskure, in ce masa sake.
Ya sassauta nan, ya tamke can,
sau dubu hamsin,
bai taɓa yi mini tsaki ba.

Daren Laraba ya ce ya gane.
Nuna masa ganye, ya ce wannan ya sha, wannan da ƙishi ya kwana.
Cikin ɗari, biyu kawai ya ɓata.
Na kira Barira a waya, muryata na rawa.
Ta ce, kin san ƙarfe nawa yanzu?

Da safe Nomau ya shigo da laka a takalminsa,
shi da ke ban ruwa, shi da ke tsinka.
Ya leƙa ta kafaɗata, ya daɗe.
Ya ciro littafinsa mai bangon da gara ta ɗanɗana,
ya lashi yatsa, ya buɗe.
Malama, ya ce, waɗannan lambobin ai na san su.
Ranar ce babur ya mutu mini a hanyar Jiratawa.
Masu ruwa na ɗebe su da hantsi,
masu ƙishi sai bayan la'asar na iso kansu.

Shiru.
Har firji na ji yana haɗiyar yawu.

Ashe ba ƙishi tarun ya kamo ba.
Rana ya kamo, da inda ta tsaya a sama.
Na aike shi rijiya, ya dawo mini da agogo,
kuma bai yi ƙarya ba:
abin da na zuba masa shi ya tace.

Wata huɗu sun bi ruwan Gulbi.
Mun sake jiƙa iri, mun sake jera tukwane.
Wannan karon mu biyu za mu tsinka, lokaci ɗaya,
Nomau daga gabas, ni daga yamma,
ya kuma sayi sabon fulogi, na gani da idona.

Amma hoton kuskuren ban goge shi ba.
Yana nan manne a bango, gefen kalanda:
gidaje arba'in da ɗaya cikin ganyen hatsi
da ke kunna fitilarsu in inuwa ta miƙe,
kowace rana, ko an sha ko ba a sha ba,
tun ladanin unguwa bai gyara murya ba.